Lofen kakana ne ya sa na yi yawon Landan a ƙasa

Tun kafin in bar Kano sai da muka yi 'yar rigima da uwargida a kan akwati, wai ita ba ta ga dalilin da zai sa mutum ya ajiye kilishi ya ɗauki tsohon lofe ya naɗe cikin safa har biyu kamar wani ƙwai ba. Na ce mata kilishin ai nama ne, a filin jirgi za su ƙwace, lofe kuwa icce ne ba ruwan kowa da shi. Ta ce toh Allah ya kiyaye hanya, amma dan Allah kar ka dawo min da wasu, guda 7 ɗin da ke cikin kabad sun ishe mu abin magana.

Bari in faɗa tun yanzu kar a yi min fassara, ni ba na shan taba kuma ban taɓa sha ba, na san abin da take yi wa ƙirji da maƙogwaro. Tara lofen kawai nake yi yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi ko agogo, duk da haka akwai wani dattijo a masallacin unguwarmu da ya taɓa jana gefe ya yi min nasiha mai tsawo, na saurara har ƙarshe na yi godiya, me zan ce masa.

Abun ya samo asali ne daga kakana na wajen uwa. Kuku ne, ya yi shekaru yana dafa wa wani Bature mai haƙar kuza abinci a Bukuru kusa da Jos, da aka samu 'yancin kai a 1960 Baturen ya tattara zai koma gida sai ya bar masa tukwane da wata tsohuwar kwat da wannan lofen. Tukwane sun mutu, kwat asu ya cinye, lofen ne ya rage har ya faɗo hannuna. Baƙi ne mai kaushi, jikinsa duk gargada kamar bayan kada, a ƙasansa an buga DUNHILL SHELL da wasu lambobi da sai ka ƙanƙance ido. Amma bakin da ake tsotsa ba na asali ba ne, na ƙahon saniya ne, kuma an ɗaure wuyan da zoben azurfa inda ya tsage. Ba wanda ya san yadda aka yi ya karye. In ka tambayi Hajiyarmu sai ta ce ita yarinya ce lokacin, ta kawo wani zancen.

Aiki ne ya kai ni Ingila, kwas na sati 2 a watan Nuwamba, maganar kwas ɗin ba ta da daɗin ji mu bar ta. Jirgi ya sauke mu Heathrow da sassafe, ɗan yayata da ke karatu a can ya zo ya ɗauke ni, sanyi kuwa kamar ana yanka kunne da reza, ga ranar tasu ba ta da kuzari ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, kana sallame la'asar ka ɗan zauna sai ka ji wayarka tana kiran magariba. Yaron a Walthamstow yake zaune, can ƙarshen layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Victoria, da ya faɗa min sunan unguwar sai da na sa shi ya maimaita, don a nan unguwar masana'antar Dunhill take inda ake sassaƙa lofensu. Shekararsa 2 a wurin bai taɓa sani ba, bai kuma damu ya sani ba.

Ranar farko da na samu sarari na ce ya raka ni St James's. Ya dube ni ya ce "Kawu wai da gaske lofe za mu je gani? Mutane fa Big Ben suke zuwa gani da filin Arsenal." Na ce sa takalminka.

Daga gidansa jirgi ɗaya ne ba canji har Green Park, ka fito ka ɗan taka kaɗan sai ga ka a unguwar da komai nata tsoho ne kuma mai tsada, masu ɗinkin taguwa, masu takalmi, masu hula, masu turare, kowane kanti ya rubuta shekarar da aka kafa shi a goshinsa kamar mai nuna asali. Na ja shi har Duke Street na tsaya ina kalle-kalle, a wannan titin Alfred Dunhill ya buɗe kantin tabarsa a 1907. Mutumin asalinsa sana'ar sirdi da linzami ya gada wajen babansa, da ya ga mota na neman korar doki sai ya koma sayar da kayan masu mota, daga nan ya faɗa taba, a 1910 ya fara yin lofen kansa saboda waɗanda ake kawowa ba su gamsar da shi. A 1941 bam ɗin Jamusawa ya faɗa wa kantin lokacin yaƙin duniya na biyu. Ina ta zuba wannan bayanin a tsaye a bakin titi hayaƙin sanyi na fita daga bakina, na juya na ga yaro yana danna waya.

Mun leƙa James J. Fox a lamba 19 St James's Street, tsohon kantin taba ne da tarihinsa ya kai 1787, a ƙasan ginin suna da ɗan gidan tarihi har da kujerar da Winston Churchill ke zama in ya zo sayen tabarsa, irin ƙatuwar nan naɗin ganye ta Kuba. Wannan ya ɗan burge yaron, ya ɗauki hoto. Ni kuwa a wani kanti nan kusa na daɗe gaban kabad ɗin gilashi ina kallon sababbin lofe jere kan ƙyalle, kowanne da ɗan farin ɗigo a bakinsa. Ɗigon nan tun wajen 1912 aka fara sa shi, kuma ba don ado ba, don mai lofe ya gane wane gefen bakin ne sama in ya cire zai mayar, shikenan, amma yau shi ne ake biya wa kuɗi har sun mayar da sunan lofen nasu The White Spot. Farashi kuwa ɗaruruwan fam, masu tsayayyen zane a jikin iccen suna shiga dubbai. Yaro ya buga lissafi a waya ya mayar naira ya nuna min shiru bai ce komai ba. Na ce rufe wayar nan kar ka ɓata min yawo.

Wani abu da kullum yake ban dariya game da lofen Ingila shi ne iccen ma ba a Ingila yake fitowa ba. Briar sunansa, wani tsiro ne na duwatsun bakin tekun Bahar Rum, Aljeriya da Maroko da Italiya da Girka da tsibirin Kosika, kuma ba reshensa ake so ba, wani dunƙule ne da yake yi tsakanin saiwa da gindi inda yake ajiye ruwa, sai ya shekara da yawa kafin ya kai girman da za a haƙo. A yanka shi gunduwa-gunduwa a dafa a ruwa awanni don ɗacin ya fita, sannan a shanya a hankali wata da watanni wani har shekaru, in aka yi gaggawa ya tsage. Amfaninsa wuta ba ta cin sa da sauƙi. Sana'ar ma a garin Saint-Claude na Faransa ta fara bunƙasa, mai yin lofe Henri Comoy daga can ya taso ya zo Landan a 1879, abokin sana'arsa Emil Loewe shi ma Bafaranshe ne. Toh me ya rage na Turawan Ingila a ciki? Ni a ganina taurin kai ne. Sun ɗauki 'yan siffofi kaɗan, billiard da bulldog da makamantansu, suka ƙi ƙari suka ƙi ragi, suka ce a nan za a gane gwani, kamar dai hular zanna, kowa ya san yadda take, a ɗinkin ake bambanta ta dubu 5 da ta dubu 100.

Asabar muka tafi kasuwar Portobello, ranar ce masu sayar da tsofaffin kaya suke baje koli. Mun sauka Notting Hill Gate muka bi ayarin mutane, cunkoso kamar Kantin Kwari ana gobe sallah sai dai ba mai ce maka "Alhaji zo ka gani". Agoguna, cokula na azurfa, tsofaffin kyamarori, lambobin soja, tarkace iri-iri. A nan na tafka wautata ta tafiyar. Wani mai tebur yana da kwali cike da tsofaffin lofe, ina tonawa na ci karo da Barling, gabana ya faɗi, don duk mai tara lofe ya san gidan Barling tun 1812 suke, asalinsu maƙeran azurfa, kuma waɗanda aka yi lokacin da 'yan gidan ke riƙe da kamfanin kafin su sayar a farkon shekarun 1960 su ne ake rububi. Mutumin ya ce fam 120, na taya 70, ya yi kamar na zage shi, muka tsaya a 90. Na biya hannuna na rawa ina ganin na yi wa Bature wayo. Yaro har yana cewa "Kawu ashe ka iya."

Muka shiga wani lungu mai rumfuna a ciki, irin dogon zauren nan da kowa ke da ɗan kejinsa, can ƙurya na hango wani tsoho da gilashin masu gyaran agogo rataye a wuya, rumfarsa ba komai sai lofe da gwangwanayen taba na da waɗanda ba komai a ciki. Na gaishe shi na miƙa masa Barling ɗina ina jiran yabo. Ko gilashin bai ɗaga ba. Ya ce lofe ne mai kyau, za a sha taba da shi lafiya lau, nawa ka saya? Na faɗa. Ya ɗan yi shiru irin na mutanen da ba sa son su kunyata baƙo, sannan ya nuna min da farce, na zamanin 'yan gidan ana rubuta BARLING'S a lanƙwashe kamar baka da MAKE a ƙarƙashi da manyan haruffa, nawa kuwa rubutun haɗe ne irin na sa hannu, na bayan an sayar ne. Kuma na san wannan! Na karanta ya fi sau goma a gida, zumuɗi ne ya rufe min ido. Bai tsaya nan ba ya juya shi wajen fitila ya nuna min wani ɗan tabo ja-ja a gefe, rami ne a iccen aka cike da ƙwaɓi aka shafe da launi, abin da manyan lofe ba a yarda a same shi a jikinsu ba. Yaro ya juya baya yana tari, na san dariya yake.

Don in wanke kunyata na zaro safa daga aljihun kwat na kwance lofen kaka na ajiye masa a kan tebur.

Wannan karon ya ɗaga gilashin. Ya daɗe yana juya shi bai ce uffan ba, ya shafa gargadar da babban yatsa, ya kai hanci ya shinshina, ya leƙa cikin tukunyar da 'yar tocila. Ya ce ka ga wannan kaushin, rairayi ake fesa wa iccen da ƙarfi ya cinye wurare masu taushi ya bar jijiyoyin, Dunhill ya yi rajistar dabarar a 1917 ya sa mata suna Shell, kuma masu tarawa sun fi son na da saboda lokacin iccen Aljeriya ake amfani da shi, ya fi taushi, rairayin yana shiga sosai ya fitar da kwari da tudu irin wannan, daga baya da aka yi yaƙin neman 'yancin Aljeriya daga 1954 zuwa 1962 samun iccen ya yi wuya. Sai ya karanto lambar da ke ƙasa wadda ta fara da PAT, 417574/34, ya ce wannan lambar tana nuna tsakanin 1942 da 1954 aka yi shi, daga 1955 sun daina buga ta. Akwai wata 'yar ƙaramar lamba da ya kamata ta faɗi ainihin shekarar, ya nema ya nema ya ce ta shafe, daidai inda yatsa ke zama ne, wani ya riƙe lofen nan shekaru masu yawa. Na ce mutum biyu ne, Bature da kukunsa.

Da ya zo kan bakin ƙahon ne ya fashe da dariya har sai da ya cire gilashi ya goge ido. Wanda ya sassaƙa ƙahon bai manta da farin ɗigon ba, ya huda ya dasa ɗan ƙashi fari a sama daidai inda ya kamata, sai dai na Dunhill kamar ƙwayar gero yake, namu kuwa ya kusa ƙwayar wake. Ya ce shekara 40 yana ganin ɗigon jabu da aka yi don a cuci mai saye, bai taɓa ganin wanda aka yi da zuciya ɗaya haka ba. Zoben ma ya duba, ya ce azurfar Ingila yawanci da hatimi take zuwa, zaki mai tafiya yana nufin kashi 925 cikin 1000 azurfa ce, kan damisa Landan, ƙugiyar jirgin ruwa Birmingham, sai harafi ɗaya da ke faɗin shekara, shi ya sa lofe mai zobe ya fi sauƙin gane shekarunsa. Namu ba hatimi ko ɗaya sai wani zane mai kai-da-komo da aka yi da bakin ƙusa, irin wanda muke gani a zobban maƙeran fari a kasuwa. Ya tambaye ni sunan maƙerin. Wallahi sai na ji wani iri, ban sani ba, ba kuma wanda zan tambaya.

Na ce toh nawa zai yi a kasuwa? Ya ce in da bakinsa na asali ne na baƙar roba mai tauri, ba tsaga a wuya, da ɗaruruwan fam muke magana, amma a haka ko fam 60 ba lallai a ba ka ba, masu tarawa ba sa yafe gyara. Ya ce akwai masu gyara da za su yanka masa sabon baki irin na wancan zamanin su sa ɗigo daidai girmansa, sati 3 zuwa 4 a aiko maka har gida. Ban ɓoye ba na ɗan yi tunani, don na sha kallon hotunan irinsa cikakku ina jin haushin ƙahon nan. Kafin in buɗe baki yaron da tun safe yake danna waya ya ce da Hausa "Kawu kar ka yarda, in aka cire ƙahon ai ya koma na Baturen." Tsohon ya tambaya me ya ce, na fassara masa, ya naɗe lofen cikin safar da hannunsa ya miƙo min.

Mun zauna wajensa ya fi awa ɗaya, har shayi ya aika aka kawo mana, ruwa-ruwa ba sukarin kirki amma da zafinsa. Ya yi ta fito da kaya yana ba ni labari, Charatan da aka kafa a 1863 wanda manyan lofensa har sun taɓa fin na Dunhill tsada, Sasieni wanda Joel Sasieni ya kafa a 1919 bayan ya bar aiki a Dunhill, ya fara da ɗigo ɗaya shuɗi aka yi rigima da Dunhill a kai saboda ya yi kama da nasu ya koma ɗigo 4, siffofi da dama kuma aka sa musu sunayen garuruwan Ingila. Ya nuna min Ashton na Bill Ashton-Taylor, shi ma yaron gidan Dunhill ne da ya ɓalle a 1983, ya rasu a 2009, da Ferndown na Les Wood wanda aikin azurfarsa ba a magana. Ya ce har yanzu akwai 'yan tsiraru da ke yi da hannu, akwai Ian Walker mai Northern Briars da ke sassaƙa nasa a cikin kwalekwale a kan ruwa, amma tun da aka hana shan taba a cikin gine-ginen jama'a a 2007 masu sha suka ƙara raguwa, yanzu rabin cinikinsa Amurkawa ne da 'yan Chana ta intanet, yawancinsu ba su taɓa riƙe lofen a hannu ba kafin su biya. Na ce ai ni ma haka na tara nawa 7. Ya ce shi ya sa.

Ban fito hannu rabbana ba, akwai wani Sasieni mai ɗigo 4 da tun shigowata nake satar kallonsa, ja mai santsi, zanen iccen a gindinsa kamar idanun tsuntsaye. Ya ce 170. Na gyara zama zan fara ciniki irin na gida, ya ɗaga hannu ya ce 140 kuma kar ka ɓata mana shayi. Wannan karon sai da na karɓi gilashinsa na duba kowane lungu da kaina kafin in ciro kati.

Ana gobe zan taho na sa yaro ya nemo mana masana'antar a taswirar waya muka taka da ƙafa, ba nisa. Gini ne kamar kowane gini, da ba a faɗa maka ba wucewa za ka yi. Ba mu nemi shiga ba, mun tsaya tsallaken titi minti 5 yayyafi na sauka, na taɓa aljihuna inda safar take, muka juya muka tafi neman shinkafa.

A gida uwargida ta buɗe akwati ta ƙirga ta ce guda 2 ko? Na ce ɗaya kuskure ne. Ta ce duka dai.

Washegari na je gaida Hajiya na kai mata turare da rigar sanyi, na zauna ina ba ta labarin tsohon da yadda ya yi dariyar ɗigon nan har da hawaye, da yadda ya tambayi sunan maƙerin na rasa amsa. Ta karɓi lofen ta juya shi ta shinshina, ta yi shiru. Can ta ce sunan maƙerin ita ma ta manta, gurgu ne dai, rumfarsa na bayan masu nama a kasuwar Bukuru, sule 3 ya karɓa, ita aka aika ta kai ita ta karɓo. Na ce Hajiya ke da kika ce ba ki san komai ba? Ta ce ina zan manta, ni na karya shi, ina 'yar shekara 9 na ɗauka ina kwaikwayon Baturen ina tafiya ina busawa na yi tuntuɓe da turmi, kuma har Baba ya rasu akuya yake zagi.